Ɗigo Ɗaya Kafin a Kunna Wuta: Sanin Kai da Gindin Naɗin Taransifoma

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filinmu na faɗakarwa kan sana'a da kimiyya. Gaisuwa ga mutanen Sabon Birni da Isa, da na Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle, Turba da Bafarawa, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka a Tsibiri, Maradi da Madarunfa. Gaisuwa ta musamman ga masu naɗin waya, masu walda, masu gyaran rediyo da inbata, masu haɗa sola, da yaran da ke zaune a gabansu suna ɗaukar sana'a. Shirin yau naku ne.

Maganarmu a kan taransifoma ce. Duk naɗin waya da ke cikinta yana da baki biyu, kuma a ido ba su da bambanci: kauri ɗaya, launi ɗaya. Amma a wajen aiki ɗaya kai ne, ɗaya gindi. Injiniyoyi sun yi ittifaƙi a kan wata 'yar alama da ke bambance su, wato ɗigo guda da ake sawa kusa da baki ɗaya na kowane naɗi. Abin da nake so ku tashi da shi daga wannan shiri shi ne: ba a haɗa naɗi da naɗi bisa zato. A gwada, a sa ɗigo, sannan a kunna wuta.

Me ya sa wannan ya shafe mu a ƙasar Gobir fiye da mutanen babban birni? Domin a nan abin da ya ƙone ba ya saurin samun madadi. Kowa ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suka shiga a shekarun nan na rashin tsaro. Mai walda a Isa da injinsa ya ƙone ba zai tashi da safe ya je Sakkwato ya dawo da wani kafin azahar ba. Mai shagon cajin waya a Sabon Birni da inbatarsa ta mutu, abincin gidansa ne ya tsaya. Wayar jan ƙarfe ta yi tsada, kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 ba ya tausaya wa naɗin da ya fara ɗumi. Shi ya sa mai naɗi ke da daraja a garuruwanmu: shi ke raya abin da ya mutu. Amma aikin kwana uku yana iya zama hayaƙi cikin ƙiftawar ido idan aka juya baki ɗaya.

Bari mu fara da abin da ke ciki. Taransifoma ba ta da abin da ke juyawa. Zuciya ce ta fallayen ƙarfe da aka jera, da naɗin waya biyu ko fiye a kanta. Naɗin da wuta ke shiga shi ne naɗin farko, wanda take fita ta cikinsa shi ne na biyu. Wayar wannan ba ta taɓa ta wancan, maganaɗisun da ke yawo cikin ƙarfen shi ke haɗa su. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano hakan a Landan ranar 29 ga Agustan 1831. Ya naɗa waya biyu a kan zoben ƙarfe, ya haɗa ɗaya da batir, ɗaya kuma da allurar gwaji. Da ya jona batir, allurar ta zabura gefe guda, ta koma ta kwanta. Da ya cire, ta sake zabura, amma zuwa ɗaya gefen. Ku riƙe wannan labari, domin gwajin da za mu koya anjima shi ne wannan ɗin, bai canja ba.

Daga wancan zobe aka kai ga taransifomar kasuwa, wadda injiniyoyi uku na kamfanin Ganz a Budafes ta ƙasar Hungari suka fitar a 1885. Yau wutar da ke tasowa daga madatsar Kainji tana zuwa Birnin Kebbi a kan bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000 ta iso Sakkwato, sannan 33,000, sannan 11,000, har ta kai 415 tsakanin layi da layi, ko 240 a soket ɗin ɗaki. Kowane mataki taransifoma ce. Lissafinta kuwa mai sauƙi ne: yawan zagayen waya shi ke yanke yawan bolt. Idan naɗin farko zagaye 960 ne a kan bolt 240, kowane bolt ya ci zagaye 4 ke nan, don haka mai neman bolt 12 sai ya naɗa zagaye 48. Wannan lissafi kowane mai naɗi ya iya shi. Abin da lissafin bai faɗa ba shi ne wane baki ne kai.

Ku ɗauki tocila mai batir biyu. Yaro ma ya san yadda ake zuba su: kan wannan ya taɓa gindin wancan, bolt ɗaya da rabi ya hau kan ɗaya da rabi, su zama 3, fitila ta kama. In ka juya ɗaya, kai ya fuskanci kai, wannan na tura gaba wancan na tura baya, fitila ba za ta kama ba ko da batiran sababbi ne. Naɗin taransifoma ma haka yake, sai dai da bambanci guda. Kan batir ba ya canjawa har ya mutu. Wutar layi da ta janareta kuwa kai-da-komo take yi, zagaye 50 a kowace daƙiƙa, a Najeriya da Nijar duka. Bakin da yake kai yanzu, kafin ka ƙifta ido ya zama gindi, ya sake zama kai.

To, in haka ne, ɗan koyo zai ce: "Maigida, mene ne amfanin neman kai, tunda ba ya zama wuri ɗaya?" Amsar ita ce, ba muna neman bakin da yake kai har abada ba ne. Muna neman bakunan da suke zama kai a lokaci guda. Ma'anar ɗigo ke nan. A duk lokacin da baki mai ɗigo na naɗin farko ya zama kai, baki mai ɗigo na naɗi na biyu shi ma kai ne. In wannan ya koma gindi, wancan ma ya koma. Tare suke hawa, tare suke sauka. Daga nan abubuwa biyu ke fitowa. Na ɗaya, idan wuta ta shiga ta ɗigon naɗin farko, ta ɗigon naɗi na biyu take fita zuwa ga kayan da take ciyarwa. Na biyu, idan aka tura wuta ta shiga ta ɗigon naɗi biyu a tare, maganaɗisunsu na taimakon juna. In ta shiga ta ɗigon ɗaya amma ta maras ɗigon ɗaya, maganaɗisun na kashe juna.

Wa ke yanke inda ɗigo zai zauna? Hannun mai naɗi. Ɓangaren da ya bi yana zagayawa, dama ko hagu, shi ke yanke fuskar maganaɗisu, kuma wutar da ke tasowa a naɗi na biyu kullum tana adawa da canjin da ya haife ta, kamar yadda Heinrich Lenz ya bayyana a 1834. Idan ka naɗa waya biyu a kan ƙafar ƙarfe ɗaya, ka bi ɓangare ɗaya, to mafarin wannan da mafarin wancan su ne masu ɗigo. Amma da an rufe naɗi da takarda an zuba masa banish, ido ba ya ƙara ganin inda aka faro. Wasu masana'antu ba sa zana ɗigo, haruffa suke sawa. A kayan Amurka za ka ga H1 da H2 a ɓangaren babbar wuta, X1 da X2 a ɓangaren ƙarama, kuma H1 da X1 su ne abokan juna. A taransifomar mita za ka ga P1 da P2, da S1 da S2, inda P1 ke tafiya da S1. Duk magana ɗaya ce.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare a shirinmu kan ɗigon taransifoma. Yanzu sai mu duba inda sanin ɗigo ya zama dole.

Idan naɗi ɗaya ne tak yake ciyar da kwan fitila, juya bakinsa yadda ka ga dama, babu abin da zai faru. Wannan ne ke yaudarar mutane, har su ɗauka wutar kai-da-komo ba ta da kai da gindi. Matsala na farawa ne ranar da naɗi biyu za su yi aiki tare.

Haɗi iri biyu ne. Na farko haɗin jere, don ƙara bolt. Kana da naɗi biyu, kowanne bolt 12, kana neman 24. Sai ka haɗa baki maras ɗigo na ɗaya da baki mai ɗigo na ɗaya, ka ɗauki wuta a bakuna biyun da suka rage. In ka kuskure, mita za ta nuna sifili ko kusa da shi. A nan ba abin da ya ƙone, amma an sha warware lafiyayyen naɗi saboda wannan, ana zaton waya ce ta tsinke a ciki.

Na biyu haɗin kafaɗa da kafaɗa, don ƙara amfiya, wato yawan wutar da za a iya ja. A nan ɗigo da ɗigo ake haɗawa, maras ɗigo da maras ɗigo. Wannan shi ne haɗin da ba ya yafiya. In aka juya ɗaya, naɗin biyu sun zama da'ira rufaffiya, bolt 24 na zagaya ta, kuma babu abin da ke tare shi sai 'yar turjiyar wayar kanta. A ce turjiyar duka kashi biyu cikin goma ce na om ɗaya. Raba 24 da wannan, lissafi zai ba ka amfiya 120, a cikin wayar da aka yi don ɗaukar biyar ko goma. Ba a jona mata ko kwan fitila ɗaya ba, amma za ka ji ta tana gurnani, ka ji warin banish, sai hayaƙi.

Ga wurare uku da wannan ke cin mutanenmu. Na ɗaya, taransifomar da ke zuwa da naɗin farko guda biyu, kowanne bolt 115, don ta yi aiki a ƙasashen bolt 120 da kuma irin namu. A wajenmu haɗin jere ake yi musu. In aka juya ɗaya, maganaɗisun biyu sun kashe juna, babu abin da zai tare wutar layi, fiyus ya tashi nan take, in kuma an ɗaure fiyus da waya mai kauri, naɗin ne zai zama fiyus ɗin. Na biyu, taransifomar inbata mai baki uku, 12, sifili, 12. Masu naɗi kan ɗauki waya biyu su naɗa su tare don su zo daidai. Bakin tsakiya dole ya zama ƙarshen waya ɗaya haɗe da mafarin ɗaya. In aka murɗe mafari da mafari aka ce shi ne tsakiya, ɓangarorin biyu za su riƙa tura maganaɗisu fuska ɗaya, ƙarfen ya ƙoshi, taransistoci su fashe. A sa sababbi, su ma su fashe, ana ta zargin kayan kasuwa. Na uku, injin walda na gida mai naɗi a ƙafafu biyu na ƙarfe. Maganaɗisu na hawa ta ƙafa ɗaya ne ya sauko ta ɗaya, don haka kallon ido yana ruɗarwa ƙwarai a nan. Gwaji kawai ke raba gardama.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu ɗan koyo ya matso da takarda da biro, ga yadda ake gwajin.

Kafin komai, a zare taransifomar daga kowace irin wuta, a kwance duk abin da ke jone da ita. Sai a ɗauki mita a sa ta a ma'aunin om, a gano wane baki ne ɗan'uwan wane. Bakuna biyun da mita ta nuna suna haɗe, naɗi ɗaya ne. Naɗin babbar wuta shi ne mai siririyar waya da zagaye mai yawa, turjiyarsa ta fi yawa. Naɗin ƙaramar wuta wayarsa kauri gare ta, turjiyarsa kaɗan. A liƙa wa kowane baki 'yar takarda da lamba.

Gwaji na farko shi ne na batir da allura. Abin da ake buƙata: batir ƙarami, na bolt ɗaya da rabi ko na bolt 9, da mita mai allura, irin ta da. Mita mai rubuta lamba ba ta cika dacewa da wannan ba, domin abin yana wucewa kafin ta rubuta. Ka sa mitar a mafi ƙanƙantar ma'auni na wutar batir, ka jona ta a naɗin ƙaramar wuta, jar igiya a baki ɗaya, baƙa a ɗaya. Ka koma naɗin babbar wuta, ka zaɓi baki ɗaya da kanka, ka ɗiga masa ɗigo. Wannan ɗigo na farko zaɓinka ne, sauran su ke binsa. Ka haɗa gindin batir da bakin da ba shi da ɗigo. Sannan, idonka na kan allura, ka taɓa kan batir da baki mai ɗigo. Idan a lokacin taɓawar allura ta zabura dama, to bakin da jar igiya ke riƙe da shi shi ne mai ɗigo. Idan ta koma hagu, bakin da baƙar igiya ke riƙe da shi ne. A kula da kyau: lokacin taɓawa ake karantawa. Lokacin cirewa allurar za ta zabura ɗaya gefen, kamar yadda Faraday ya gani, kuma wanda ya karanta wannan zai sa ɗigo a baibai. A maimaita sau biyu ko uku don a tabbata. In naɗin ya fi biyu, a bar batir inda yake, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya da mitar.

Gargaɗi biyu a kan wannan gwaji. Kada a bar batir a jone, taɓawa ce kawai a ɗaga. Kuma kada yatsu su riƙe tsirarar waya lokacin cirewa, domin maganaɗisun da ya rushe farat ɗaya yana haifar da bolt mai yawa, kuma babbar taransifoma na iya fizgar mutum da batirin tocila.

Gwaji na biyu shi ne na tarawa da ɗebewa, ga mai mita mai lamba. Ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa baki ɗaya na naɗin babbar wuta da baki ɗaya na naɗin ƙarama. Sai ka ba naɗin babbar wuta 'yar ƙaramar wutar kai-da-komo daga wata taransifoma, misali bolt 20. A ce wadda ake gwadawa ta 240 zuwa 24 ce, wato goma bisa ɗaya, to naɗi na biyu zai ba da bolt 2. Yanzu ka auna tsakanin bakuna biyun da ba a haɗa ba. Idan mita ta nuna 18, an ɗebe ke nan, kuma bakuna biyun da ka haɗa da guntuwar waya jinsi ɗaya ne, ka ɗiga musu ɗigo su biyun. Idan ta nuna 22, an tara ke nan, bakunan da ka haɗa kishiyoyi ne, ɗigon naɗi na biyu yana ɗaya bakin. A naɗin babbar wuta ake ba da wutar gwaji, ba a na ƙarama ba. Wanda ya ba naɗin bolt 24 wutar bolt 240, lissafi na neman bolt 2,400 a ɗaya ɓangaren.

Ko bayan an sa ɗigo, akwai mataki na ƙarshe kafin a rufe haɗin kafaɗa da kafaɗa. Ka haɗa bakuna biyu na gefe ɗaya, ka bar na ɗaya gefen a buɗe, ka kunna wuta, ka auna tsakanin waɗanda ke buɗen. In ka ga sifili ko kusa da shi, kashe wuta ka haɗa. In ka ga ninki biyu, wato 24 a naɗin 12, an juya ɗaya. Kuma duk sabon naɗi, a fara kunna shi ta cikin kwan fitila mai zare na wat 100 da aka sa a jere da naɗin farko. In kwan ya yi ja kaɗan ko bai kama ba, lafiya. In ya haska sosai alhali ba a jona komai ba, akwai matsala, kuma kwan ya tare wutar da za ta ƙone aikin.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, mu ɗaga kai mu dubi babbar taransifomar unguwa. Ita naɗi shida ne a ciki, uku na babbar wuta, uku na ƙarama, kowanne da kansa da gindinsa. A jikinta akwai farantin ƙarfe mai rubutu, kuma a yawancin waɗanda ke garuruwanmu za ka ga an rubuta Dyn11. Babban harafin D na nufin an haɗa naɗin babbar wuta a siffar alwatika. Ƙaramin y na nufin an haɗa na ƙaramar wuta a siffar tauraro, n kuma na nufin an fito da layin tsakiya, wanda masu wayarin ke kira nutural. Lambar 11 daga fuskar agogo aka ɗauko ta: a ɗauka babbar wuta doguwar allura ce a kan 12, ƙaramar wuta kuma gajerar allura a kan 11. Tazarar awa ɗaya digiri 30 ce. Wannan rubutu shi ne ɗigon taransifoma mai layi uku.

Amfaninsa? Idan gari ya tara kuɗi don sayen taransifoma ta biyu da za a gwama da ta farko, ba girma kawai ake dubawa ba. Dyn11 da Dyn1 duk suna ba da 415, amma tazarar digiri 60 ce tsakaninsu, kuma hakan na nufin bolt 240 tsakanin layukan da ake shirin ɗaurewa wuri ɗaya. Mu da ke bakin iyaka, inda kaya ke shigowa ta hanyoyi daban-daban, karanta wannan faranti wajibi ne kafin a biya kuɗi. Ga girman haɗarin a lissafi: taransifoma mai kVA 300 tana ɗaukar kusan amfiya 417 a kowane layi na 415. In turjiyarta kashi 4 cikin 100 ce, aka gwama ta a baibai da irinta, wutar da za ta zagaya tsakaninsu za ta iya kai ninki 25, wato sama da amfiya 10,000. Haka kuma, idan aka sake naɗa irin wannan taransifoma aka juya naɗi ɗaya na ɓangaren tauraro, mita za ta tona asiri: maimakon 415 sau uku tsakanin layuka, za a ga 415 sau ɗaya, 240 sau biyu. Injin niƙa ko famfon burtsatse da aka ba irin wannan wuta ba zai daɗe ba.

A manyan wuraren aiki kuma, kamar injin casar shinkafa, mita ba ta ɗaukar wutar kai tsaye, ta cikin 'yan zobban taransifoma take aunawa. In aka juya S1 da S2 na zobe ɗaya, abin da layin ya ci ɗebe shi za a riƙa yi maimakon tarawa, kuma inda layuka uku ke ɗauke da kaya daidai, mitar za ta nuna kashi ɗaya cikin uku na gaskiya. Wannan na jawo rigima da tara, ko da kuskure ne. Kuma ba a taɓa barin bakunan S1 da S2 a buɗe alhali wuta na bi ta cikin zoben, domin bolt mai kisa ke tasowa a wurin.

A nan dole in ja kunne da babbar murya. Duk gwajin da muka koya na ƙananan taransifomomi ne a kan teburin shago. Ta kan turke da ta cikin shinge aikin ma'aikatan kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, wanda ke kula da jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, tare da hukumar NEMSA mai duba ingancin kayan lantarki. Ko an ɗauke wuta wata guda, kada kowa ya hau. Sannan iyayena masu janareta da inbata, taransifoma ba ta san gaba da baya ba. In ka jona janaretarka a wayar gida ba tare da makunnin da ke raba gidan da layin gari ba, bolt 240 naka zai bi waya ya koma taransifomar unguwa, ta ɗaga shi zuwa dubbai a kan babban layi, inda wani bawan Allah ke aiki yana ganin babu wuta. Rai ake magana. A sa makunnin sauya layi.

Kira na ƙarshe ga iyayen gidan sana'a. Mai naɗi shi kaɗai ya ga inda waya ta faro, don haka sanin nan amana ce a hannunsa. Wanda zai buɗe injin nan bayan shekara uku wataƙila wani ne a Shinkafi ko Maradi, bai san ka ba, ba shi da hanyar tambayarka. Ka bar masa alama: ɗigon fenti, ko ƙulli a bakin waya, ko jan zare a kowane mafari, kuma shagonka ya tsaya a kan alama iri ɗaya. Ka rubuta yawan zagaye da bolt a takarda ka liƙa a jiki. Kada ka yarda da launin waya a kayan da ba kai ka naɗa ba, domin kowace masana'anta da nata launi. Yaron da ke gabanka kuma, kada ka yaye shi sai ya iya gwajin nan biyu da hannunsa, ya kuma iya faɗa maka dalilin da ya sa allura ta zabura dama. Samarin da ke karatun lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, in kun zo hutu ku zauna da masu naɗin garinku: ku nuna musu yadda ake karanta zane, su nuna muku yadda ake riƙe waya.

A taƙaice: a gano 'yan'uwan bakuna, a gwada da batir ko da tarawa da ɗebewa, a sa ɗigo, a auna kafin a rufe haɗi, a kunna ta cikin kwan fitila. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki injin lantarki mai baki shida, irin na niƙa da ban-ruwa a fadamun Rima, mu ga yadda ake gano kai da gindin naɗinsa uku. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare masu aikin wuta, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)